Darasi na Tara: Kafa Shafin Intanet Daga Gida da Matsalar Rufe Ƙofofi

A wannan darasi za a duba wata matsala da ke fuskantar malamin da ya yi niyyar kafa shafinsa na intanet a kan kwamfutar da ke ɗakinsa. Mu ɗauka ga ɗalibin da ya kammala Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, aka tura shi koyarwa Yasore. Ya tattara tatsuniyoyi da karin magana daga bakin tsofaffin yankin Batsari da Safana, yana son jama'a su karanta. Ya haɗa komai, shafi na buɗuwa sumul a ɗakinsa, amma abokinsa da ke Katsina ya nema bai gani ba. Ina gizo ke saƙa?

Kowane shafi yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira uwar garke. Ba dole ba ne ta zama ƙatuwa, domin shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya kafa a cibiyar bincike ta CERN, a kan kwamfutar teburinsa ya zauna. Abin da ake bukata shi ne adireshi da kuma ƙofa. Adireshi lamba ce da ke nuna inda kwamfuta take. Ƙofa kuwa lamba ce da ke nuna irin hidimar da baƙo ya zo nema. Kamar yadda birnin Katsina yake da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Marusa, haka kwamfuta take da ƙofofi har 65,536, sai dai kaɗan ne suka shahara. Ta ƙofa ta 80 da ta 443 ake shigowa karanta shafi, ta 25 kuma ta wasiƙu ce.

To, kamfanonin da ke sayar da intanet sukan toshe waɗannan ƙofofi ga layin gida. Suna da hujja. A shekarar 2001 wata cutar kwamfuta mai suna Code Red ta bi ta ƙofa ta 80 ta kama dubban kwamfutoci, abin da ya sa wasu kamfanonin Amurka suka rufe ta. Ƙofa ta 25 kuwa masu watsa wasiƙun banza ne suka ɓata mata suna. Ban da tsaro akwai kuma ciniki, domin mai son ƙofa a buɗe akan nuna masa layin 'yan kasuwa, wanda ya fi tsada.

Amma matsalar malaminmu ta wuce nan, kuma a nan ya kamata ɗalibi ya natsu. Tsohon tsarin adireshi bai wuce lambobi kusan biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare a 2011. Saboda haka kamfanonin wayar salula, waɗanda su ne madogarar mutanen karkara, sukan tara masu saye da yawa a bayan adireshi guda. Ka ɗauka babban gida ne mai ɗaruruwan ɗakuna da zaure ɗaya. Na ciki yana iya fita ya yi aike, a kawo masa amsa. Baƙon da ya yi sallama a zaure kuwa babu mai sanin ɗakin da yake nema. Malamin ba ƙofa kaɗai aka rufe masa ba, adireshin ma ba nasa ba ne.

Akan shawarci mutum ya sauya lambar ƙofa, misali zuwa 8080. Wannan ba ta fisshe mai layin salula. Dabarar da ke aiki ita ce ta gina rami: kwamfutar gida ce za ta fara neman wata uwar garke da ke waje, kamar ta Cloudflare, ta riƙe hanyar a buɗe, baƙi su biyo ta can. Tun da fita ba a hana ba, shingen ya faɗi. Mai shafin rubutu zalla kuma yana iya ajiye shi kyauta a GitHub, ya huta da neman wuta dare da rana. A ganina wannan ya fi dacewa da malamin ƙauye.

Akwai kuma rufewar da ta fi ƙarfin kowace dabara. A watan Satumba na 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, aka shafe watanni a haka. Shafin da ke zaune a Yasore da ya ɓace wa duniya. Sai dai ga ɗaliban ajinsa, ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da farantin hasken rana sun isa su watsa shafin zuwa wayoyin da ke harabar makaranta, ko da babu layi ko ɗaya.

Jinga

An yi amfani da kalmomin ƙofa da uwar garke da rami a ma'anar da kakanninmu ba su san su da ita ba. Bayyana dabarar faɗaɗa ma'ana da aka bi a kowace, sannan ka kawo kalmar da kake ganin ta fi rami dacewa, tare da hujja.