Yadda Ake Tafiyar Kwanaki a Kan Keke Daga Birnin Kudu Zuwa Gwaram da Damina

Mota tana kai mutum Gwaram daga Birnin Kudu kafin shayinsa ya gama narkewa a ciki, amma wanda ya bar kwalta ya bi burji da burtali a kan keke, tsakanin duwatsu da gonakin gero da dawa, shi ne zai ga ƙasar nan yadda take. Da damina ta fi kyau, da damina kuma ta fi haɗari. Ruwan sama da rafi su ne masu tsara maka tafiya, mutanen ƙauye kuma su ne taswirarka.

Fara da zaɓen lokaci. Ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, ko ƙarshen Satumba, sun fi dacewa. Agusta watan marka ne, ƙasa ta ƙoshi, kowane kwari ya zama rafi. In ba dole ba, ka bar shi. Ka ware kwana 3 ko 4, kada ka ɗora wa kanka fiye da kilomita 25 zuwa 30 a yini, domin kilomita ɗaya a taɓo ya fi biyar a kan kwalta cin ƙarfi. Hadari a nan daga gabas yake haɗowa, galibi bayan azahar ko da dare. Saboda haka ka hau da an sallame asuba, ka sauka masauki kafin la'asar.

Sai keke. Mai giya da faffaɗar taya mai gurzu ya fi, ko da yake tsohon Phoenix ma yana zuwa in ƙafarka ta saba da shi. Kai shi wurin mai gyara tun mako guda kafin tafiya: a sa sababbin robobin birki, a ɗaure sifok, a cika cibiyar taya da wurin feda da giris, a duba kariya. Madigadin da ya matse taya a ɗaga shi ko a cire shi, don laka tana cushewa a tsakaninsu har taya ta ƙi juyawa. Rage iska kaɗan in za ka shiga taɓo ko yashi, taya ta fi kama ƙasa. A jakar gyara ka sa tiyub biyu, faci da sholisho, famfo, sifana, filaya, ɗan baƙin mai, tsumma, tsohon buroshi da igiyar roba. Tsidau da ƙaya ba sa hutun damina. Ka koyi yin faci da hannunka tun a gida, domin a Babaldu ko Sara za ka samu mai faci, amma a tsakiyar burtali kai kaɗai ne.

Kaya kuwa, kowanne ya shiga leda kafin ya shiga jaka, a ƙulle baki. Kayan kwana su zauna a ledarsu daban, kada a taɓa su sai an sauka. Da safe ka mayar da jiƙaƙƙun na jiya, duk da rashin daɗinsu, ka adana busassun. Rigar ruwa mara nauyi, gidan sauro, tocila, waya da batirin caji a leda biyu, katin ɗan ƙasa, da kuɗi a hannu, canji ƙanana. Guzuri: dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, garin kwaki da sukari. Ruwan sha lita 3 aƙalla, a ƙara a famfon burtsatse. Ruwan kududdufi da na rafi a wannan lokaci yana ɗauke da cutar amai da gudawa, don haka ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti.

Ranar farko kada ka yi gaggawar barin Birnin Kudu. Je ka Dutsen Habude da Dutsen Mesa ka ga zanen shanu da mutanen da suka rayu a nan tun kafin a rubuta tarihinsu suka bari a jikin dutse, da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Wuraren suna ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ka nemi jami'inta ya raka ka, kuma kada ka shafa zanen ko ka zuba masa ruwa don hoto ya fito. Dutse in ya jiƙe santsi gare shi. Keke a ajiye a ƙasa. Da ka ji tsawa, ka sauko daga kan dutse, ka nisanci bishiyar da take tsaye ita kaɗai, ka jingine keke nesa da kai.

A hanya, duk ƙauyen da ka shiga ka yi sallama ka tambaya, kuma ka iya tambayar. Kada ka ce "Hanya tana da kyau?", domin za a ce maka lafiya lau. Ka ce: "Baba, yau wani ya ƙetaro daga can? Ruwa ya kai ina a jikinsa?" Ɗan acaɓa da mai tallan nono da ta fito daga ruga sun fi kowa sanin amsar. Ka tsaya kan turba, kada ka ratsa shuka don gudun taɓo, abincin manomi na shekara ke nan. In ka haɗu da garke a burtali, sauka ka ba su hanya. Birki in ya jiƙe ba ya kamawa nan take, don haka ka riƙa matsa shi tun da nisa, na baya kafin na gaba.

Ƙetare ruwa shi ne inda ake rasa rai, kuma a nan nake roƙonka da babbar murya. A watan Agustan 2021 mota ta afka cikin gadar da ambaliya ta karya a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasu. Kwalta ce fa, balle burji. Duk kwalbatin da ruwa ya rufe, ka ɗauka babu shi. In ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, ko ya yi ja yana ɗauke da kara da itace, ka zauna. Rafukan ƙasar duwatsu suna cika da sauri suna kuma janyewa da sauri, jiran 'yan sa'o'i yakan isa. In ya yi ƙasa, fara shiga da sanda ba tare da keke ba, ka gwada ƙasan. Ka ƙetarar da kaya tukuna, sannan ka saɓa keken a kafaɗar da ke gefen da ruwa yake gangarawa, yadda in ya ƙwace ba zai danne ka ba. Kada ka tuƙa shi a cikin ruwa, yashi zai shige cibiya ya cinye giris. Kogin Bunga na wajen Gwaram ba na gwaji ba ne: gada ko masu fito, kuma kada ka shiga kwalekwalen da aka cika maƙil.

Da ka isa masauki, nemi mai unguwa ko dagaci ka gabatar da kanka, ka faɗi inda ka fito da inda ka nufa. Zaure ya fi tanti a daji aminci. Ɗaura gidan sauro, haska ƙasa da tocila in za ka fita da dare saboda kububuwa, ka zazzage takalmi da safe. In maciji ya sari wani, kada a tsaga kada a ɗaure da ƙarfi, a nemi mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko babban asibiti mafi kusa. Kafin magariba ka wanke sarƙa da buroshi, ka tsane ta, ka ɗiga mai, ka goge rarar, ka duba robar birki domin yashi yana cinye ta cikin yini biyu. Kira gida ka faɗi ƙauyen da kake da wanda za ka nufa gobe. In an wayi gari ana ruwa, ka ƙara kwana. In kuma aka ce gaba ta yanke, koma kan kwalta ka ɗora keken a mota zuwa Gwaram.