Darasin Lafiya: Bayan An Cire Maka Haƙori, Me Ya Kamata Ka Yi?

Darasinmu na wannan fitowa a kan cire haƙori ne. Da yawa daga cikinmu muna jin cewa da zarar haƙori ya fita, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Wurin da aka cire haƙori rauni ne kamar kowane rauni, kuma yana cikin baki, inda abinci da yawu da ƙwayoyin cuta ke wucewa kullum. Abin da muka yi a kwana ukun farko shi ke sa ramin ya warke lafiya ko ya zame mana wata sabuwar cuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Yadda ramin yake warkewa

Idan an cire haƙori, jini yakan taru a cikin ramin ya daskare. Wannan gudan jinin ba datti ba ne. Shi ne murfin da ke rufe ƙashi da jijiyoyin da ke ƙasa, kuma a cikinsa ne sabon nama ke tsirowa. Duk dokokin da za mu kawo a nan manufarsu ɗaya: kada gudan jinin nan ya fita.

Ranar farko za mu ga yawu ya yi ja-ja. Wannan ba abin tsoro ba ne. Kumburin kunci yakan ƙaru zuwa kwana 2 ko 3, daga nan ya fara saɓewa. Cikin mako 1 zuwa 2 dasashi yakan fara rufe bakin ramin, amma ƙashin da ke ƙasa yana ɗaukar watanni kafin ya cika. Idan bayan 'yan kwanaki muka hangi wani abu fari-fari a ramin kuma ba ya ciwo, sabon nama ne. Kada a sa tsinke a tono shi.

Kafin a cire, mu faɗa wa ma'aikacin lafiya

- idan muna da ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya ko sikila;
- idan mace tana da juna biyu;
- idan muna shan maganin tsinka jini, ko aspirin kullum;
- idan jininmu yakan daɗe bai tsaya ba in mun yanke;
- idan wani magani ya taɓa sa mana ƙaiƙayi, ƙuraje ko kumburi.

Wanda yake da katin asibiti ya riƙo shi.

Awa 24 na farko

1. Mu cije audugar da aka sa mana da ƙarfi na minti 30 zuwa awa 1, ba surutu, ba ɗagawa ana leƙawa.
2. Kada mu kurkure baki, kada mu riƙa tofar da yawu da ƙarfi. Wurin alwala, a sa ruwa kaɗan a baki a hankali, a sunkuya a bar shi ya zubo da kansa.
3. Kada mu zuƙi abin sha da tsinken roba. Zuƙa tana fizgo gudan jinin.
4. Ba sigari, ba taba gari, ba goro. Mai shan sigari ya daure aƙalla kwana 3, in ya kai mako ya fi.
5. Allurar kashe zafi takan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ta sake. Kada a ci abinci ko a sha shayi mai zafi kafin nan, don mutum yana iya cizon leɓensa ko ya ƙone bai sani ba. Iyaye su sa wa yara ido a kan wannan.
6. Mu huta. Ranar nan ba ranar ɗaukar jarkar ruwa daga famfo ba ce, ba ta faskare ko daka ba. In ta zo daidai da ranar rabon abinci, a nemi ɗan'uwa ya ɗauko buhun. Aikin ƙarfi yana tayar da jini.
7. Wurin kwanciya a ɗaga kai da matashi ko naɗaɗɗen zane. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi a ɗora a kunci na minti 15, a huta, a sake.

Daga kwana na biyu

A tafasa ruwa, a bar shi ya huce ya zama ɗumi. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya. A guntsa, a karkata kai ruwan ya kwanta a kan ramin, sannan a bar shi ya zubo. A yi haka sau 3 ko 4 a rana, musamman bayan cin abinci, har tsawon mako guda.

Abinci ya zama mai laushi kuma ba mai zafi ba: kunu ko koko da ya huce, fura damammiya, tuwo mai laushi da miya marar yaji, dafaffen wake da aka murƙushe. A tauna ta ɗaya gefen. A dakata da gyaɗa, ƙuli-ƙuli, rake da gasasshiyar masara. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da buroshi ko asuwaki, amma a kauce wa ramin. In an yi ɗinki, a tambaya ko zaren mai narkewa ne ko sai an dawo an cire.

Maganin ciwo

Babba yana iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 1 ko 2 bayan kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Yara da masu juna biyu, ma'aikacin lafiya ne zai faɗi abin da za su sha. Kada a sayi aspirin don wannan ciwo, domin yana sa jini ya ƙi tsayawa. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita. Tramol da kafso na masu talla a kasuwa ba namu ba ne.

Kada a cusa komai a ramin: kanwa, toka, taba gari, garin ƙwaya ko ruwan batir. Suna ƙona nama, su lalata gudan jinin, su shigar da cuta.

Matsalolin da kan biyo baya

*Jinin da ya ƙi tsayawa.* In baki yana cika da jini, a naɗe auduga ko ƙyalle mai tsabta, a ɗan jiƙa shi, a ɗora daidai kan ramin, a cije minti 30 ana zaune. Jiƙaƙƙiyar jakar ganyen shayi irin ta Lipton ma tana taimakawa. In an yi sau biyu bai tsaya ba, sai asibiti.

*Busasshen rami.* Wannan yana faruwa idan gudan jinin ya fita ko ya narke, ƙashi ya zauna a buɗe. Alamarsa ita ce ciwon da ya fara sauƙi sai ya dawo da ƙarfi tsakanin kwana na 2 da na 5, yana harbawa har kunne, ga warin baki da ɗanɗano marar daɗi. Ya fi samun masu shan taba da waɗanda aka cire wa haƙorin ƙarshe na ƙasa. Ƙwaya kaɗai ba ta kwantar da shi. A asibiti za a wanke ramin a sa magani a ciki, kuma sauƙi yakan zo da wuri.

*Shigar ƙwayoyin cuta.* Kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana 3, zazzaɓi, mugunya, ko baki ya ƙi buɗuwa. Kada mu ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne mu sha magani mu kwanta. Mu gaya wa ma'aikacin lafiya cewa an cire mana haƙori. Masu ciwon suga su fi kowa kula. In an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sha shi yadda aka faɗa, kada a raba da wani.

*Mutuwar leɓe ko harshe.* In gari ya waye leɓe, haɓa ko harshe ba su dawo da ji ba, mai yiwuwa an taɓa jijiya. Yawanci yakan dawo a hankali, amma a je a duba.

*Haƙoran sama na ciki.* Saiwarsu tana kusa da kogon da ke haɗe da hanci. Kada a fyace majina da ƙarfi, kuma in atishawa ta zo a buɗe baki. In ruwan da aka sha yana fitowa ta hanci, a koma asibiti.

Alamomin da ba a jiran gari ya waye

- kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau zuwa ido;
- haɗiyar yawu ta gagara, ko harshe ya ɗago, ko murya ta sauya;
- numfashi yana wahala;
- jini yana zuba har mutum yana jin jiri.

Kumburin da ya sauka ƙarƙashin harshe yana iya toshe hanyar numfashi ya kashe mutum cikin ɗan lokaci. Ko tsakar dare ne, a tashi maƙwabci ko shugaban shiyya, a kai marar lafiya asibitin sansani. In abin ya fi ƙarfinsu, su ne za su tura shi babban asibiti.

Kalma ta ƙarshe

Mun san ciwon haƙori ba ya barin barci, kuma jiran layi ko jiran takardar turawa yana da wuya. Shi ya sa wasu ke zuwa wurin masu cirewa a kasuwa ko a gida. Amma ƙarfen da ba a tsabtace shi yadda ya kamata ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani zuwa wani, ko ya shigar da tetanus, kuma saiwar da ta karye a ciki takan ruɓe daga baya. Wanda ya riga ya je, kada kunya ta hana shi zuwa asibiti. Ya faɗi gaskiyar abin da aka yi masa don a san yadda za a taimake shi.

Mu riƙe abu uku: a kiyaye gudan jini, ruwan gishiri sai bayan awa 24, kuma ciwo ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana 3 na asibiti ne. Allah ya ƙara mana lafiya.