VPN ba ya tayar da ƙarfen sabis ɗin da aka kashe

Akwai wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a kan sari a Gusau, ni na haɗa masa kwamfutocin shago da na'urar POS. Har yau raina na ɓaci da abin da ya same shi a watan Satumban 2021, domin asara ce da littafin lissafi guda ɗaya zai iya hanawa.

Tun ina haɗa kayan na ce masa, "Alhaji, manhajar nan a intanet take ajiye komai. Bari a riƙa buga maka lissafin bashi a takarda duk ƙarshen mako." Ya ce zamanin takarda ya wuce. Ashe wani mai gyaran waya a bakin kasuwa ya riga ya hure masa kunne. Ya sa masa VPN, ya karɓi kuɗinsa, ya rantse masa cewa ko gwamnati ta rufe intanet shi ba ruwansa. Hujjarsa Twitter, wadda aka dakatar tun watan Yuni amma mutane na ta shiga.

A farkon Satumba hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar, don a datse 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ce da farko. Ba data, ba kira, ba saƙo. Alhaji ya aiko yaro a kan babur ya ɗauko ni. "Malam, ga VPN a kunne, me ya hana shi aiki?" To me zan ce?

Masu kantuna na ƙauyuka da yawa suna riƙe da kayansa, shi kuma bai san nawa yake bin kowa ba. Masu tsoron Allah suka kawo da kansu. Wasu suka ce sun yi tiransifa kafin a ɗauke sabis, ba alat ɗin da za a ƙaryata su da shi. Dilansa na Kano na jiran kuɗi. Sai ya yi abin da ya fi komai ƙona min rai: ya haɗa waya da katin ATM da lambar sirri ya danƙa wa yaron shago, ya tura shi Funtuwa, inda mutanen Gusau ke tururuwar neman sabis. A cikin cunkoso wani mai POS ya karɓi katin ya shiga da shi ciki, wai "netwok na wahala". Sauran labarin kun sani. Ba a jima ba aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina ma.

Jama'a, VPN kewaye yake yi wa shafin da aka toshe. Idan an kashe layin gaba ɗaya, ba abin da zai kewaye. A Chadi, da aka toshe shafukan sada zumunta daga 2018 zuwa 2019, ya yi amfani. A Nijar, da aka yanke intanet ɗin waya kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen 2021, bai tsinana komai ba a wayoyin. A Sudan a 2019 an haura wata guda ba intanet ɗin waya. Ba mai aiko maka da sanarwa, kuma wanda aka kai wa hari cikin dare shi ma ba shi da hanyar kiran agaji. Wannan kam masu ba da umarnin ba sa son a ambata.

Ku buga lissafin bashinku a takarda, mai bashi ya sa hannu. Ku ajiye tsabar kuɗin da za su riƙe shago na 'yan makonni. Lambar sirri ba a ba yaro, ko ɗan cikinka ne, kati kuma kada ya bar idonka. Masu kemis da ƙananan asibitoci, ku tambayi wanda ya sayar muku da manhaja ko tana aiki ba intanet, ku cire waya ya gwada a gabanku. Duk mai gyaran da ya ce muku VPN maganin rufe sabis ne, ku karɓe wayarku ku tafi.