Raɓar Taga a Sanyin Ingila: Shawarwari ga Magidanta

Hunturunmu busasshe ne: leɓe ya tsage, kaushi ya fito, wanki ya bushe kafin azahar. Sanyin Ingila kuwa da laima yake zuwa. Ɗalibanmu da iyalan da ke zaune a can, daga Nuwamba zuwa Maris, sukan wayi gari su tarar ruwa na tsiyaya a gilashin taga ta ciki, har ya jiƙa bakin labule. Ba ruwan sama ba ne. Numfashin mutan gida ne da tururin girki da na wanka suka taɓa gilashi mai sanyi suka koma ruwa. Ga yadda za a rage wannan raɓa:

1. Ku buɗe taga, ko jiki bai so ba. Mun saba in sanyi ya sauko a toshe kowace kafa, to a can wannan ɗabi'a ce ke kulle laima a ɗaki. Jamusawa kan wangale tagogi na minti 5 zuwa 10 safe da yamma, iska ta sauya kafin bango ya huce. Ƙananan kafofin iska da ke saman taga ma, kada a liƙe su.

2. Uwargida, girkinmu mai tururi ne. Tuwo da farfesu da dahuwar wake sukan daɗe a wuta. Ki rufe tukunya, ki kunna fankar zuƙe tururi, ki ja ƙofar kicin. Haka ma banɗaki bayan wanka.

3. Kada a shanya wanki a kan hita. Ruwan da ya bar tufafi bango zai koma. In ba makawa, a shanya a ɗaki ɗaya, a rufe ƙofa, a ɗan buɗe taga, ko a kunna na'urar tsotse laima.

4. Ku sayi ɗan ma'aunin laima, ba shi da tsada. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 shi ne daidai. Ɗumin ɗaki kuma kada ya gaza digiri 18.

5. A goge taga da tsumma kowace safiya, a matse tsumman a banɗaki. A janye kabad da katifa daga jikin bangon waje.

6. Baƙin tabo a kusurwa fumfuna ce, kuma ba abin rainawa ba ce, balle ga jarirai da masu asma. A Disamban 2020 yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a Rochdale saboda daɗewa yana shaƙar ta a gidan haya. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025, tana tilasta wa hukumomin gidajen haya masu rangwame su duba koke kan fumfuna cikin ƙayyadadden lokaci. Kunya ba ta da wuri a nan. Ku ɗauki hoto, ku rubuta wa mai gidan, ku adana kwafin saƙon da kwanan watansa.