Katin Biki: Ina Yake Zuwa Bayan An Watse?

Zanen kati da buga shi ne sana'ata, a wata madaba'a a Kano. Da ita nake ciyar da iyalina. Duk da haka ina kira da a rage buga katin biki da na barka da Sallah, saboda abin da nake gani kullum a bayan inji.

Mai biki kati yake karɓa tsaf a cikin ambulan. Ba ya ganin takardun da ake lalatawa kafin launi ya zauna daidai, ko tulin gefen kwali da wuƙar yanka ke zubarwa. Kati mai cikakken launi faranti huɗu na alminiyam yake ci, kowane launi da nasa. Idan an gama, a wanke inji da sinadari, dattin tawada ya bi kwata. Yawancin wannan aiki kuwa da janareta ake yin sa. Ga shi biki ɗaya ba ya tsayawa a kati ɗaya: na ɗaurin aure daban, na kamu daban, na dina da na walima kowanne da nasa, kuma kowa ƙari yake sa a buga masa don kada ya ji kunya. Sau da yawa ragowar a shagonmu ake barin ta.

Ita kanta takardar ba tamu ba ce. Manyan masana'antun takarda da gwamnati ta gina a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasar nan. Yawancin kwalin da muke bugawa a kai daga ƙasashen waje yake zuwa. A can aka sare itace, aka dafa shi da sinadarai da ruwa mai yawa. Jirgin ruwa ya kawo shi Legas, tirela ta sha dizal ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano. Duk wannan don takardar da za a karanta sau ɗaya a duba rana da wurin biki.

Abin da ya fi damuna shi ne leda. Takarda zalla tana ruɓewa, ana kuma iya sake sarrafa ta. Amma da zarar an lulluɓe kati da leda mai sheƙi, an yi masa adon zinare, an barbaɗa ƙyalƙyali, ya tashi daga takarda. Masu sarrafa tsohuwar takarda ba sa son sa, domin raba leda da kwali aiki ne mai wahala. Ƙyalƙyalin nan ma ƙananan ɓarɓashin roba ne. Idan an jefar da katin, yana cikin sharar da ke toshe magudanan ruwa da damina. Idan an ƙona shi, hayaƙin roba yaran unguwa ke shaƙa.

Akwai kuma abin da ya kamata ya taɓa zuciyar kowane Musulmi. Kusan duk katin da muke bugawa da Bisimillah yake farawa, wani ma har da aya. Mu duba inda yake ƙarewa: ƙasan kujerun wurin biki, bakin kwata, bola.

Katin gayyata da ake turawa ta waya kuwa ba ya buƙatar faranti ko tawada ko mota. Zane ɗaya ya isa mutum dubu ta WhatsApp, har ɗan'uwan da ke Maraɗi ko Kumasi ya samu a lokaci guda. Idan an ɗaga ranar biki, gyara rubutu kawai za a yi, ba sai an zubar da kwali an sake bugu ba. Shi ma yana cin lantarki da data, musamman dogon bidiyon gayyata da ake yayi yanzu, wanda ban ga amfaninsa ba. Hoto ɗaya mara nauyi ya wadatar.

Wasu na cewa tura wa babba gayyata ta waya raini ne. Suna da gaskiya, amma ai dama ba kati ke girmama dattijo ba. Takawa ake yi a je a durƙusa a gaishe shi, a kai goro, a faɗa masa da baki.

Don haka, 'yan'uwa masu shirin biki, idan kun zo wurinmu ku ƙirga waɗanda lallai sai an miƙa musu kati a hannu, a buga nasu kaɗai, a kwali mara leda da ƙyalƙyali, ba tare da aya ba. Sauran jama'a ku tura musu ta waya. Abokan sana'ata kuma, mu riƙa ba su wannan shawara tun kafin su tambaya.