MU ƘARA SANI: DAIM, ƘARAMIN KUƊIN AZURFA NA AMURKA

Darasinmu na yau bisa wani ƙaramin kuɗin ƙarfe ne na ƙasar Amurka. Sunansa daim. Daim goma ke yin dalar Amurka guda. A lura: dalar Amurka daban take da dalarmu ta tamma biyar.

TARIHINSA

An fara buga daim a shekarar 1796, da azurfa. Daga 1916 zuwa 1945 an buga wani iri mai hoton kan mace da hula mai fukafukai. A 1946 aka sa hoton shugaba Roosevelt, wanda ya rasu a 1945. Shi ne ya kafa ƙungiyar yaƙi da shan-inna, mutane suna aika mata daim-daim don taimako.

Daim na waɗannan shekaru nauyinsa giram 2 da rabi ne. Kashi 90 cikin 100 azurfa, kashi 10 jan ƙarfe. Da azurfa ta yi tsada, mutane suka shiga ɓoye shi. A 1965 gwamnatin Amurka ta daina sa azurfa cikin daim na kashewa a kasuwa.

DARAJA UKU

Tsohon daim daraja uku gare shi. Ta farko, abin da aka rubuta bisa kansa. Ita ce ƙarama. Ta biyu, kuɗin azurfar da ke jikinsa. Wannan ta ninka ta farko sau da yawa. Ta uku, ƙarancinsa. Akwai mutane masu tara tsofaffin kuɗi. Abin da ke da wuyar samu shi suke saye da tsada.

Ga misali. A 1916 gidan buga kuɗi na birnin Filadelfiya ya buga sama da miliyan 22 na mai hula da fukafukai. Na birnin Denba ya buga 264.000 kawai, da ɗan harafin D a bayansa. Na Denba, ko ya sha hannu, ana sayensa ɗaruruwan dalar Amurka. A 1894 gidan San Faransisko ya buga guda 24 tak. A 2016 an sayar da ɗaya cikinsu kusan dalar Amurka miliyan 2.

YADDA AKE DUBAWA

1. A karanta shekara. Mai azurfa daga 1964 ne zuwa baya.
2. A dubi gefensa. Mai azurfa fari ne duka. Sabon yana da jan layi.
3. A nemi ɗan harafin D ko S. Amma a yi hattara, macuta suna liƙa D na ƙarya.
4. Kada a goge shi da toka ko rairayi. Gogewa tana rage kuɗinsa.

Mu ma akwai tsofaffin kuɗin azurfa cikin kayan iyayenmu mata. Kafin a kai wa maƙeri ya narka, a karanta abin da ke rubuce, a tambayi wanda ya sani. In an narka, sai kuɗin azurfa kaɗai ya rage. Ga amfanin karatu ke nan.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka daina sa azurfa cikin daim?
2. Me ya sa na Denba ya fi na Filadelfiya tsada?
3. Daim na azurfa guda 10, giram nawa ke nan?