Kafin Ka Nemi Karatu a Ƙasar Waje

Ɗalibi mai burin karatu a waje, ka fara shiri shekara guda kafin lokacin da kake son tafiya. Tanadi fasfo, takardun sakamakon jarrabawa, da wasiƙun shaida daga malaman da suka san ƙwazonka. Idan da Turanci za ka yi karatun, yawancin jami'o'i na neman jarrabawar IELTS ko TOEFL, kuma sakamakonsu shekara 2 kawai yake aiki.

Batun kuɗi shi ne ƙashin bayan tafiyar. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda, amma sai kana da ƙwarewar aiki ta shekara 2, kuma ka amince za ka koma gida bayan kammalawa. Tallafin Türkiye Bursları na Turkiyya kan buɗe neman gurbi a watan Janairu. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai dai kafin a ba ka biza dole ka nuna kana da abin da zai ciyar da kai shekara guda. Hukumar tallafin karatu ta Jamus, DAAD, na taimaka wa wasu.

Ka yi hattara da dillalai masu alkawarin gurbi nan take. Tallafin gaske ba a sayensa. Ka nema kai tsaye a shafin jami'ar, ka kuma tabbatar ƙasarka ta amince da shaidarta, domin a 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.